Yayyafin Maɗacin Alhaji Ado

Unguwar Sarki, Kaduna
Litinin, 7 ga Afrilu

Kaka Audi,

Tsakaninka da Allah, a shekara talatin da ka yi kana aikin gandun daji, ka taɓa ganin bishiya tana yayyafi ita kaɗai, rana tsaka, sama fes babu ko ɗigon gajimare? In ka taɓa gani, me ke kawo shi? Amsa nake so, ba wa'azi ba.

Af, na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da gwiwarka da kunnen nan da ya yi ritaya tare da kai. Inna ta ce a gaida ƙanin mahaifinta da kyau, ta ce kuma kada ka biye mini. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ke neman gasa mu da rai. Da kana jin waya da tuni na kira, amma tunda ka ce waya ba ta da amfani ga kurma, ga takarda ta hannun direban nan mai kai kaya Ningi.

Ka tuna maɗacin ƙofar gidan Alhaji Ado, inda na kafa teburina na gyaran fanka da rediyo? Shekara shida ina wurin da izininsa. Duk mai nemana a garin nan, "gindin maɗaci" ake ce masa. To sati biyu ke nan bishiyar tana zubar da ruwa. Da rana ta take sai wata ƙara ta tashi a sama kamar an kunna injin markaɗe goma, sai ka ji ɗis-ɗis a ƙeyarka. Ni dai leda na samo na rufe kayan mutane.

Sai Alhaji ya tara a tafin hannu ya shafa a gwiwa, gari ya waye ya ce bai taɓa barci mai daɗin na ranar ba. Shi ke nan, magana ta fita. Wai maɗacin da ɓawonsa ma magani ne, ina ga ruwan da ya zubo don kansa? Yanzu farantai da robobi ne jere har bakin kwalta. Daga Unguwar Shanu ake zuwa, har daga Mando. Wata baiwar Allah ta ɗora tasa a kan rediyon da na buɗe ina aiki, na yi magana ta ce in ji tsoron Allah.

Jiya bayan La'asar majalisa ta cika, Alhaji yana shafa abin a fuska yana lumshe ido, bakina ya kuɓuce. Na ce, "Baba Alhaji, fitsarin ƙwari fa kake shafawa."

Ya buɗe ido ya ce, "Maimaita."

Ka san ni. Na maimaita, har da ƙarin bayani. Na ce na taɓa karantawa a wata tsohuwar mujalla da aka naɗe mini tsire a ciki. Gaskiya ne kuwa, da irin waɗannan takardun na koyi rabin karatuna. Sai dai wurin hoton ya yage, maiƙo kuma ya cinye sunan ƙwaron.

Alhaji ya ce, "To, malamin takardar tsire. Na ba ka zuwa Juma'a, ashirin da biyar ga wata. Ka kawo mini ƙwaron a hannu, ya yi abin nasa a gaban jama'a. In ka kasa, ka kwashe teburinka daga inuwata."

Kaka, ban taɓa ganin ƙwaron nan da idona ba. Na ɗaga kai har wuyana ya ƙage, ganye kawai nake gani. In na bar gindin bishiyar nan ban san inda zan dosa ba. Ka faɗa mini kamanninsa da yadda ake kama shi, ka ba direba kafin ya juyo.

Jikanka,
Ɗanjuma

Unguwar Sarki
Asabar, 12 ga Afrilu

Kaka,

Bayan gaisuwa, ina fatan ba ciwo ne ya hana ka amsa ba, ƙyuya ce kawai irin ta 'yan fansho. Inna lafiya. Ni ne ba lafiya, kunya ke ɗawainiya da ni.

Direba ya je ya dawo hannu rabbana. Na ce to, tsoho ya yi barci, bari in yi abina da kaina. Na zauna na yi lissafi: wane ƙwaro ne mai ƙara? Gyare. Wannan ko jariri ya sani. Shekaranjiya da magariba na ji wani yana tsiwa a bayan masallaci, inda ruwan alwala ke bi. Na ɗauko buta na ɗura masa ruwa a rami, ya fito, ƙato mai sheƙi. Na jefa shi a gwangwanin madara na huda murfin.

Ban ma jira ranar da aka yanka mini ba. Jiya da aka sauko Juma'a na tsaya tsakiyar majalisa kamar lauya, na buɗe gwangwani na ce, "Ga mai laifin."

Alhaji ya gyara tabarau ya leƙa. Ya ce, "Ɗanjuma, wannan ai gyare ne."

Na ce, "Shi ne."

"Gyaren da muka gasa muka ci muna yara?"

"Shi fa."

"To tambaye shi da wane tsani yake hawa maɗaci."

Aminu mai shayi ya ce a ba baƙon shayi mai kauri ko fitsarin zai zo. Muka tsaya muna kallon gwangwani, gyare na kallonmu, ko ɗigo. Can ya gaji da mu, ya daka tsalle ya shige hannun rigar Liman. Kaka, ban san Liman ya iya rawa ba sai jiya.

Yanzu Sarkin Gyare ake ce mini. Masu Keke in sun zo wucewa sai su rage gudu su yi mini "tsirrr". Abin da ya fi ƙona mini rai, duk wannan abin da ake yi, na saman suna ta ƙararsu a kanmu, ruwa na sauka a wuyana. Wallahi kamar da gayya.

Wani mai faci har ya zo da safen nan yana auna wurina da ƙafa, wai yana duba ko injin iskarsa zai zauna. Na ce ya auna kabarinsa. Saura kwana goma sha uku. In ba za ka amsa ba, ka aiko da farar takarda in san ka yafe ni.

Ɗanjuma

Ningi
Talata, 15 ga Afrilu

Zuwa ga abokina Sarkin Gyare,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiya, gwiwa tana nan tana mulkinta, ni kuma ina yi mata biyayya. Ka gaida 'yata, ka ce mata ta makara, na riga na biye maka.

Takardunka biyu yau suka iso tare. Direbanku ya manta ta farkon a aljihun mota ƙarƙashin ƙullin goro. Na karanta ta farko na ce Allah Ya sa yaron nan ya jira. Na buɗe ta biyu na ga bai jira ba. Na yi dariya har maƙwabciyata Ladidi ta leƙo ta katanga ta ga ko aljanu ne suka taɓa ni.

Gaskiya tana wurinka, sai dai ka kai wa alƙali ɓarawon da ba shi ya yi satar ba. Gyare ɗan rami ne, mawaƙin yamma. Yana da gashin kai dogaye kamar zare, da manyan cinyoyin baya na tsalle, kuma fikafikansa yake gogawa su yi ƙara. Naka na sama ba ya tsalle, tashi yake yi, kuma sai rana ta ƙwalle yake buɗe murya. Kansa faffaɗa ne, idanunsa can gefe da gefe kamar fitilun mota, fikafikansa a kife bisa bayansa kamar jinkar ɗaki. Ba shi da haƙori. Wani tsinke gare shi kwance a ƙirji, shi yake soka wa reshe ya tsotsi ruwan itace. Ruwan yawa gare shi, abincin ciki kaɗan, don haka yini yake yi yana sha yana zubarwa. In ɗari suka taru a bishiya ɗaya, ga yayyafinku nan.

Kada ka tambaye ni sunansa. Na zaga dazuka da yawa ban sami gari biyu da suka yarda da suna ɗaya ba, wasu ma gyaren suke haɗa shi da shi kamar yadda ka yi. Ni makaɗin bazara nake ce masa, don ganga gare shi a ciki.

Ka duba jikin gindin bishiyar, daga ƙasa zuwa tsayinka. Za ka ga rigunansu a maƙale, fanko, tsage ta baya. A ƙasa suke girma suna tsotson saiwa shekara da shekaru, sannan su hau su tuɓe.

Kuma ba iri ɗaya ba ne, kowane da muryarsa da wurin zamansa. Saboda haka kada ka kama kowa tukuna. Ka zauna kwana biyu ka rufe baki. Na san nan ne wahalar. Ka saurara da kunnen da kake gane ciwon fanka tun kafin ka kwance ta. Murya nawa ce? Yaushe kowace take farawa? Daga sama take ko daga gindi?

Zan gaya maka gaskiya, ba don shari'arka kaɗai nake tambaya ba. Shekara bakwai rabona da in ji su. In bazara ta yi nakan zauna ƙarƙashin itace, na san ana biki a sama, ni kuwa ba a gayyace ni ba. Ka rubuto mini yadda suke yi, kada ka rage komai.

Sannan, ja'iri, ko gaskiya ce ba a ce wa dattijo fitsari yake shafawa alhali hannunsa na kan fuskarsa. Ana jira ya sauke.

Kakanka,
Audi

Unguwar Sarki
Juma'a, 18 ga Afrilu

Kaka,

Gaisuwa da ban girma, yau kam har da rusunawa. Na janye maganar ƙyuya, na mayar wa direba. Kowa lafiya. Inna ta ga na yi kwana biyu ban yi faɗa da kowa ba, ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Murya biyu ce! Shekara shida ina zaune a wurin nan ban sani ba.

Ta farko daga gindi da ƙananan rassa take. Wajen ƙarfe sha ɗaya ɗaya zai fara, siririya, ziiiii, kamar rediyon da aka bari tsakanin tasha biyu. Sai na kusa da shi ya karɓa, sai na gaba, kafin ka ce kwabo bishiyar gaba ɗaya ta ɗauka, tana kumbura tana kumbura har ka ji ta a haƙoranka. Ba sa tsayawa shan iska. Sai kuma su yanke gaba ɗaya kamar an ɗauke wuta, ka ji kunnenka na neman abin da ya ɓata.

Ta biyu daga can ƙololuwa take, su ba su da yawa. Tsii, tsii, tsii, tsirrrr, kamar mai wasa wuƙa a dutsen inji, ya ɗora ya ɗaga, ya ɗora ya ɗaga, sannan ya danna. Su sukan kai har gab da magariba.

Rigunan na samu goma sha huɗu, suna cikin gwangwanin da gyare ya bari. Kuma na ga ɗaya da idona! Na ƙura wa gindin ido kusan awa guda, har Aminu ya ce Sarkin Gyare ya fara zance da itace. Can sai ɓawon bishiya ya motsa. Ashe shi ne, fikafikansa dabbare-dabbare kalar ɓawon sak. Na kai hannu, ya tashi, na hango wani launi kamar ruwan goro a ƙarƙashin fikafikan, ya kuma tsirto mini ruwa a ido kafin ya tafi. Ban taɓa murnar an yi mini fitsari ba sai ranar.

Wanne zan kama, kuma ta yaya? Da hannu ba ya yiwuwa, idanun nan nasa har bayansa suke gani. Saura kwana bakwai, jiya kuma hadari ya ɗan haɗu ta gabas. In ruwan gaske ya sauka kafin Juma'a, kowa zai ce ba a bambance na sama da na bishiya. Na gargaɗi direba, in ya manta wannan, goron zan kwashe.

Ɗanjuma

Ningi
Lahadi, 20 ga Afrilu

Abokina,

Bayan gaisuwa, lafiya lau nake. Na karanta takardarka sau uku. Da na zo wurin da suka yanke kamar an ɗauke wuta, wallahi na ji su. Allah Ya yi maka albarka.

Ka bar na ƙololuwa, in ganina bai ɓata ba su ne masu fikafikai garau kamar gilashi, ba za ka kai gare su ba sai da karaya. Masu kalar ɓawon za ka kama, su ne masu yawa, su ne masu yayyafin. Da sassafe jikinsu a mace yake. Ka nemi abin kamu mai raga, ka zo musu ta bayan gindi.

Duk wanda ka kama ka birkice shi. In ka ga wasu 'yan faifai biyu a ƙasan cikinsa, bayan ƙafafu, namiji ne, shi ne mai kiɗan. Macen ba ta cewa uffan. In ka kai wa Alhaji mace ita kaɗai, daga Sarkin Gyare za ka koma Sarkin Bebaye.

Abu biyu kuma. Mutane suna shimfiɗa tabarma su yi salla a inuwar nan, in ka tabbatar musu fitsari ne hankalinsu zai tashi. Ka ga Liman tun kafin ranar, ka ba shi haƙurin rawar da ka sa shi, ka tambaye shi hukuncin. Na biyu, in ka kayar da dattijo ka bar masa ƙofar fita. Inuwa kake nema, ba kan Alhaji ba.

Audi

Unguwar Sarki
Lahadi, 27 ga Afrilu

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ka kuma zauna da kyau kafin ka karanta. Mu duk lafiya. Ruwa bai sauka ba, hadarin ya yi ta cika baki ya watse.

Na cire zoben murfin wata matacciyar fanka, na ɗinka masa yankin tsohon gidan sauron Inna, na ɗaura a gora. Ranar Juma'a da sanyin safiya na kama tara, maza shida mata uku, duk na birkice su na duba. Na zuba bakwai a cikin sauran gidan sauron na ɗaure a wani reshe na ƙasa, na ajiye farin faranti a ƙarƙashi. Biyu na riƙe a gwangwani. Liman kuwa tun Laraba na same shi, ya ce ƙwaron da ba shi da jini mai gudana abin da ya fito daga gare shi ba najasa ba ne, ya kuma ce in na sake sakin wani abu kusa da rigarsa sai ya yi mini Yasin.

Aka sauko masallaci, mutane har kan kwalta. Mai facin nan ya zo da injinsa a baro, don rashin kunya. Na ce kowa ya matso ya duba raga. Ga su nan jere a reshe, tsinke a soke, kana gani da idonka suna tsirtowa ɗaya bayan ɗaya, faranti na jiƙewa. Wata mata ta dubi robarta ta dubi ragar, ta ce, "La ilaha illallahu, ni da na ba maigidana a koko!"

Na fito da macen na nuna, na ce wannan ba ta magana. Aminu ya ce a ba shi irinta ya kai gida. Sannan na ɗauko namijin na ce, "Baba Alhaji, a hannu ka ce. Bisimilla."

Ya karɓa da yatsu biyu. Ƙwaron nan ya kwarara ihu a hannunsa kamar an taka wutsiyar rediyo. Alhaji ya zabura ya saki, shi kuwa kafin ya tashi ya yi masa sallama a kan tabarau, ɗis biyu, ɗaya kowane ido.

Na tuna maganarka, na haɗiye dariyata har ta kusa shaƙe ni. Na tsaya ina jira ya ce na yi gaskiya.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, a hankali. Ya ce, "Liman, zuma daga ina take fitowa?"

Liman ya ce, "Daga cikin ƙudan zuma."

"Ƙwaro ne ko ba ƙwaro ba?"

"Ƙwaro ne."

"To wannan bawan Allah me ya sha?"

Wani ya ce, "Maɗaci!"

Alhaji ya ce, "Ashe tace mana maganin yake yi." Ya juya ya shige gida.

Kaka, kabbara aka yi! Ka ce in bar masa ƙofa, ai mutumin nan katanga ya fasa ya fita. Jiya farantan sun fi na da yawa. Har an fara tambayata wanne ya fi ƙarfi, na masu kalar ɓawo ko na 'yan ƙololuwa. Na yi ta faɗa musu ruwa ne kawai, mai ciwo ya tafi asibiti, suna ce mini to Malam, mun ji, matsa kaɗan kana tare mana.

Maganar tebur kuwa bai ce tafi ba, bai ce zauna ba. Mai faci ya yini a tsaye, da yamma ya tura baronsa ya yi gaba. Jiya da safe sai ga Alhaji da kansa ɗauke da fankar ɗakinsa. Ya dire ta a teburina, bai ko dube ni ba, ya ce, "Ƙara take yi. Tunda ka zama masanin ƙara." Ya tafi.

Inna ta ce wannan ai ya fi a ce zauna, in gode wa Allah in rufe baki. Na san kai ma haka za ka ce. Na gode wa Allah, amma fanka ba magana ba ce. A gaban jama'a aka ce mini malamin takardar tsire, a gaban jama'a aka naɗa ni Sarkin Gyare, ba a soro ba.

Fankar tun jiya na gyara ta, kwandensar cikinta ce kawai ta ƙone. Ita ke fifita ni yanzu da nake rubutun nan, tunda an kawo wuta. Ba za ta koma gida ba. Na aika masa ta bakin Aminu cewa gyaranta sai Juma'a, bayan an sauko, a gindin maɗaci. Na kuma gaya wa direba ya ajiye maka kujerar gaba ranar Alhamis, ka zo da gwiwarka, in ɗora maka namiji ɗaya a bayan kunne ka ji ko kiɗan zai ratsa. Kana zaune, Liman na zaune, Aminu da masu farantai na tsaye, Alhaji Ado ya buɗe baki ya faɗa kowa ya ji: wa ya yi gaskiya, kuma teburin nan na waye?

Jikanka,
Ɗanjuma, gindin maɗaci